Matata Ta Ce An Kai Jikata Asibiti, Ashe Ba A Kai Ta Ba

Mayi Chisale, ki taimake ni.

Ranar tara ga watan Yuni, shekara uku ke nan, na je ganin jikata Tadala a wani ƙauye kusa da Mchinji. Satinta biyar a duniya. Na tarar idanunta sun yi ɗorawa, kashinta kuma fari kamar alli. Ni ba likita ba ne, amma shekara talatin da ɗaya ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma a zamaninmu mun yi karatu na gaske. Na ce a kai ta babban asibitin Lilongwe a satin nan.

Kin san al'adarmu. Ɗana Yamikani a garin matarsa yake zaune, yana noma gonar danginta, kuma 'ya'yan da ya haifa nasu ne. Mai yanke magana a kan yarinyar shi ne kawunta Gelesomu, yayan uwarta. Ya yi dariya ya ce wa mutane ticha ya zo ba kashin jariri maki. Yamikani yana tsaye, kansa a ƙasa. Ni na biya masa makaranta, amma ko tari bai yi ba.

Sai na tura matata Nambewe ta zauna da su, ta tabbatar an je. Bayan kwana huɗu ta dawo ta ce an je, likita ya ce a riƙa shanya ta a hantsi, zai wuce. Na yarda. Shekara arba'in muna tare, da wa zan yarda in ba ita ba?

Yarinyar na da wata biyar cikinta ya kumbura. A asibiti likita ya ce hanyar maɗaciyarta a toshe take tun haihuwa, hantar ta riga ta lalace, da an kawo ta tana wata biyu da sun gwada yi mata aikin tiyata. Na karɓi littafin asibitinta na buɗa. Babu ko tambari ɗaya na Lilongwe. Ashe wurin mai maganin saiwoyi kawun ya kai su, matata na riƙe da jaririyar. Da na tambaye ta sai ta ce, "Da na faɗa maka gaskiya, da ka je ka zage su, su kuma su kori ɗanmu da tabarmarsa."

Har yau tana tuƙa mini tuwon masara, ina ci, ba ma magana. Yanzu an haifa wa Yamikani namiji, sun aiko in je in gan shi. Ban san ko in je ba. Tadala ta rasu tana wata goma.

Tsohon Ticha, Mchinji

Baba Ticha,

Allah ya ba ka haƙuri. An yi maka ƙarya a kan rai, kuma wadda ka fi yarda da ita ce ta yi. Ba zan ce maka ƙaramin abu ba ne.

Amma ka sake duba maganar likita. Cewa ya yi da sun gwada, bai ce da ta rayu ba. Aikin nan yana ceton wasu yaran, wasu kuma ba ya cetonsu. An hana ta damarta, wannan gaskiya ne, sai dai babu wanda ya san ƙarshen da za a samu.

Matarka ta tsorata ne, ta zaɓi kare ɗanta, ta yi mummunan kuskure. Ita ce ta riƙe yarinyar a hannu, kuma shekara uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai a cikin gidanka. Ka tambayi kanka kuma, me ya sa faɗa maka gaskiya ya fi mata wuya? Ka zaunar da ita, ka ce mata ta cuce ka, da bakinka. Sannan ka bar ta ta yi magana har ta gama.

Batun jaririn kuwa, ka je, cikin satin nan. Ka gaida kawun kamar yadda ya kamata, don ƙofar a hannunsa take. Ka roƙi uwar yaron ku je asibiti tare a duba shi, ka ga tambarin da idonka. Idan ka zauna a gida kana fushi, wa zai kalli idanun yaron nan?

Allah ya raya shi, ya jiƙan Tadala, ya sanyaya maka zuciya.

Mayi Chisale