Hannun da Ka Ɗaga a Danau Kota

Zuwa ga Yayana, magabacina kuma madogarata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai ɗimbin yawa, tare da girmamawar da ta wajaba a kan ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda ta riske ka cikin yalwar makwanci da sanyin rahama. Ɗabi'arka ce duk sa'ad da na dawo daga waje ka ce, "To Barista Ƙamus, kawo rahoto, amma a taƙaice." Ga rahoton na kawo. Ka gafarce ni, ba zai taƙaitu ba.

Daga falonka na unguwar Danau Kota, a nan ƙasar Malayawa, nake rubutu, kusa da tagar da kake tsayawa kana kallon hadari yana haɗowa. Littattafanka na injiniyanci suna inda ka bar su, kundin digirinka na uku kuma yana nan a tsakiyar babin da ba ka ƙarasa ba. Yau alƙali ya furta matakin farko na hukunci a shari'arka. Tun da 'yan'uwa da yawa za su ga wannan rubutu a shafina ba tare da sanin asalin lamarin ba, ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka fi ni sani.

Ranar wata Asabar bayan la'asar, kai da matarka Anti Rabi kuka sauka ku yi tapau, wato ku sayo abinci a ƙunshi, a shagon mamak, mai sayar da abinci da ke bayan gidanmu, saboda 'yarku Hanifa ta kafe sai roti, irin gurasarsu. A wurin ajiye motoci maza uku suka tare ku. Ba ka san su ba, ba su san ka ba. Fatarka kawai suka gani, suka far maka. Washegari ka cika a asibiti, muka sa ka a jar ƙasa mai danshi ta garin da ka zo neman ilimi.

A wannan hali na san Puan Zaleha, wato Malama Zaleha a harshensu, mai gabatar da ƙara da gwamnati ta ɗora wa shari'arka. Gajeruwa ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Na je ofishinta da cikakken shiri, a matsayina na wanda ya karanta shari'a ya fita da sakamako mai daraja. Na gabatar mata da bahasi a kan ƙyamar baƙi, da tushen wariyar launin fata, da falsafar daidaiton bil'adama, kuma har yau ina kan bakana cewa ban faɗi kalma ɗaya ta kuskure ba. Ta saurare ni har na dire. Sannan ta kira ni da Malam irin nasu, ta ce, "Encik Kamal, ni ba na gurfanar da tarihi. Mutum uku nake gurfanarwa."

Ta fayyace mini matsalar. Dokar ƙasar nan ba ta da wani babi na musamman mai suna laifin ƙiyayya. Ƙiyayya a zuci take, kuma kotu ba ta karɓar zuciya a matsayin shaida. Dole a zaƙulo ta daga abin da baki ya furta da abin da hannu ya aikata, a tabbatar da niyya. In an tabbatar, tuhumar kisan ganganci ta tsaya. In an kasa, sai lamarinka ya sauko ya zama faɗan titi da ya zo da ƙarar kwana, a rubuta ka a kundin kotu a matsayin baƙon da ya tayar da husuma a kan wurin ajiye mota. Abin da lauyansu yake nema ke nan, Yaya. Ba ranka kaɗai suka ɗauka ba, sunanka ma suna so.

Kuma yana da abin riƙewa. Kyamarar tsaron wurin ta ɗauki komai, sai dai, kamar yadda Puan Zaleha take faɗa, kyamarar tana da ido amma ba ta da kunne. Na kalli hoton. Na ga sun kewaye ku. Na ga ka tura Anti bayanka. Sannan na ga ka dunƙule hannun dama ka ɗaga shi daidai kafaɗa, ka tallafe gwiwar hannun da na hagu, ka ɗan rusuna.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san me ka yi. Jinjina ka yi musu, irin wadda kake yi wa Baba in ka shiga zaure, irin wadda kake yi wa mai gadin gidan nan har yana dariya. Ka ga manyan mutane a fusace, sai jikinka ya yi abin da aka koya masa tun yarinta. Lauyansu kuwa ya tsayar da hoton daidai nan, ya ce ga shi, mamacin ne ya fara ɗaga naushi.

Na yi mata bayani da duk balagar da Allah ya hore mini. Ta ce, "Na yarda da kai. Amma alƙali bai taɓa zuwa Kano ba." Ban san ta ɗauki maganar da nauyi ba sai wata Juma'a, da na fito daga masallaci a wajen titin Jalan Semarak, na hango ta a tsallaken titi riƙe da lema, tana kallon samarinmu suna gaida manya. Ta daɗe a tsaye cikin yayyafi. Haka take aiki: ba ta kai wa kotu abin da ba ta gani da idonta ba.

Ta buƙaci dattijo wanda ba danginmu ba, ya zo ya shaida cewa wannan al'ada ce sananniya. Muka je wurin Dakta Isiyaku, babban malamin nan da jama'armu ke kai wa kowace matsala, wanda ya ja sallar gawarka. Ya ba mu shayi. Ya ce, "Kamalu, mu baƙi ne a nan. A bar wa Allah. Yara da yawa suna jiran sabunta biza, kada a ja mana ido." Na gaya masa cewa wannan ba tawakkali ba ne, tsoro ne aka yi wa rawani. An ce na yi rashin kunya. Na ji, kuma ban janye ba.

Sai ya rage Anti Rabi ita kaɗai. Ita ce ta ji abin da suka ce, ita ce ta ji abin da ka ce.

Tana cikin takaba lokacin da Puan Zaleha ta fara zuwa gidan nan. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ƙi kujera, ta zauna a kan darduma kusa da ita. Sannan ta dube ni ta ce, da ɗan karin da suke rufe magana da shi, "Kai, fita lah." Ta fahimci abin da ban yi tunaninsa ba, cewa babu yadda Anti za ta maimaita irin waɗannan kalmomi a gaban ƙanin mijinta. Na zauna a baranda ina jin Hanifa tana tambayar 'yar tsanarta da Malayanci ko ta yi makan, wato ko ta ci abinci.

Daga nan aka shiga ɗage zama. A sa rana, a ɗage, a sake sawa. Takaba ta ƙare. Mahaifin Anti yana kira daga gida yana cewa ta dawo, zaman me take yi a ƙasar da ta cinye mata miji. Izinin zamanta a jikin naka yake, kai kuma ba ka nan, sai da Puan Zaleha ta yi ta zirga-zirga kafin a bar ta ta jira. Na ga Anti ta rame har zobenta yana zamewa. Wata rana na ce mata in ta gaji ta tafi, babu mai zarginta. Ta ce, "Kamalu, kunnena ne kaɗai ya rage masa. Ina zan kai shi?"

Ranar da ta hau shaida, abin da ya fara tare ta ba lauyansu ba ne. Ka san tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kama sunanka ba. Abban Hanifa take cewa, kafin Hanifa kuma sai dai ta ce "shi". Har tsokanarta nake yi cewa mai digiri a kimiyyar haɗa magunguna ta kasa haɗa haruffan sunan mijinta. Puan Zaleha ta lura da haka, don haka ta karanto sunanka da kanta, ta nemi Anti ta tabbatar kawai. Lauyansu ya miƙe ya ce ana sa wa shaida magana a baki. Alƙali ya amince da shi. Aka ce ta faɗi sunan mamacin da bakinta.

Na ga lauyan yana murmushi, yana zaton ta rikice. Ta sunkuyar da kai, ta daɗe, sannan ta ɗago.

Ta ce, "Mukhtar."

Yaya, ka yi shekaru kana jan ta da wasa ko za ta faɗa sau ɗaya, ba ta faɗa ba. Ga shi ta faɗa a ɗakin da ba ka ciki, a gaban mutanen da suka kashe ka.

Bayan wannan babu abin da ya sake tsayar da ita. Ta maimaita kalmominsu da Malayanci yadda ta ji su, ɗaya bayan ɗaya: sunan wulaƙancin da suke laƙaba wa baƙar fata, da cewa duk irinmu 'yan damfara ne, da cewa yau za su rage ɗaya. Akwai waɗanda suka fi waɗannan muni, ba zan ƙazantar da takardarka da su ba. Sannan aka ce ta nuna abin da ka yi. Ta miƙe, ta fuskanci alƙali, ta dunƙule hannu ta ɗaga, ta tallafe, ta rusuna, ta faɗi abin da ka faɗa: "Maaf, bos, maaf." Haƙuri kake ba su. Lauyansu ya ce dunƙulallen hannu naushi ne a kowace ƙasa ta duniya. Ta ce, "A garinmu da shi ake gaida uba."

Da muka fito sai ga Dakta Isiyaku a bakin ƙofa, ashe yana zaune a kujerar baya. Ya ɗaga wa Anti hannu ya yi mata jinjina, shi da a shekaru ya isa ya haife ta. Ta amsa. Ni kuwa ban huce da shi ba tukuna.

Yau alƙali ya ce hujjojin masu ƙara sun isa a kira mutanen nan su kare kansu a kan tuhumar kisan ganganci, ba a sauko da ita ba. Ya ce ya karɓi bayanin shaida a kan hannun da ka ɗaga. Na fara tsara jawabin godiya, Puan Zaleha ta katse ni. Ta ce kada in yi murna, rabin hanya ne, kuma ta sha ganin shari'a ta rushe a rabi na biyu. Ta rungumi takardunta ta wuce wani ɗakin, inda shari'ar wani lebura baƙo da aka karya wa haƙarƙari take jiran ta. Ban ga alamar nasara a fuskarta ba. Gajiya na gani.

Anti da Hanifa za su koma Kano. Ni ina nan, zan zauna a bencin kotun har ranar ƙarshe, ko da karatuna zai jinkirta.

Abu ɗaya ya rage in gaya maka. Tun rasuwarka na daina jinjina a waje. In zan gaida mutum, hannuna yana aljihu. Da muka dawo daga kotu yau muka shiga lif da wani tsohon maƙwabcinmu Bamalaye. Hanifa ta dunƙule ɗan hannunta ta ɗaga masa, yadda ka koya mata. Na kai hannu zan sauke nata. Anti ta riƙe mini tsintsiyar hannu.

Ta ce, "Bar ta. Na rantse a gaban alƙali cewa gaisuwa ce."

Na bar ta, Yaya. Tsohon ya dube ta, ya dube mu, ya ɗaga nasa a karkace.

Ya Allah, ka gafarta wa Mukhtar, ka haskaka kabarinsa a ƙasar baƙunci, ka karɓi haƙurin da ya bayar aka ƙi karɓa. Ka ƙarfafi Rabi, ka raya Hanifa cikin aminci, ka dafa wa duk mai tsayawa a kotu domin wanda ba shi da bakin magana. Amin.

Ga hannuna a sama, ranka ya daɗe, ko da yake bai daɗe ba.

Ƙaninka,
Kamalu