Ka Cire Ni Daga Fim Ɗinka

Ɗana,

Gaisuwa. Ina nan lafiya, ba don halinka ba.

Jiya mai shagon bakin layi ya karanta min jarida da ƙarfi, mutane na tsaye. Mai sharhin ya ce fim ɗinka na tsafi shirme ne, jinin kamar ruwan tumatir, aljanin kamar ɗan dako da aka shafa wa toka. Wai abu ɗaya ne mai ban tsoro a ciki, tsohuwar mayya mai magana da kujera. Ni ce fa! Ka ce min gwada kyamara kake. Ashe ɗaukata kake ina yi wa kujerar marigayi ubanka mitar da na saba kowace safiya, ka cire muryata ka sa gurnani. Yanzu matan layi sun daina kawo ɗinki, ko gaisuwata ba a amsawa. Ka cire ni.

Uwarka

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri, wallahi ban zaci za a gane ki ba. Amma ki duba, masu sharhi huɗu suka rubuta, duka sun zage ni, duka sun yabe ki. Minti uku ne kacal. In na cire su, gidan sinima zai sauke fim ɗin. Zan zo in yi wa maƙwabta bayani.

Ɗanki mai biyayya

Kai,

Gaisuwa. Biyayyar me? Kar ka zo. Bayanin da ba ka yi min ba shi za ka yi wa 'yan layi?

Na je sinimar da ƙafata. Mai sharhi bai yi maka ƙarya ba, har gyangyaɗi na yi. Da aka zo kaina, yarinyar kusa da ni ta kurma ihu. Ka san abin da nake faɗa a wurin? Cewa nake, "Ka mutu ka bar ni da famfo yana yoyo." Shi ka mayar kiran aljanu. Da aka kunna fitila ta dube ni, ko takalminta ba ta tsaya ɗauka ba.

Ko ka cire, ko ka mayar da muryata kowa ya ji.

Uwarka

Mama,

Ina gaisuwa. Muryar na goge ta tun wurin haɗa fim. Na cire minti ukun. Sinima ta sauke shi ranar Asabar. Ki yafe min.

Ɗanki

Ɗana,

Na ji. Kana iya zuwa. Yau mutum biyu suka gaishe ni, ɗaya daga tsallaken titi.

Ka zauna lafiya.

Uwarka