Ni Aka Aika Kwasar Kaya

Anti, ki taimaka min da shawara, gidan aurena ya koma min kurkuku.

Tun da surukina ya kamu da hawan jini ni ke ba shi magani, safe da yamma. Da aka kwantar da shi a asibiti ma ni na yi jinya. Ranar sallama sai ga yayan mijina, wanda ko leƙe bai taɓa yi ba, ya ƙure adaka yana ƙamshi. Shi ne babba, shi likita ya ja gefe, shi ya sa hannu a takardar sallama. Ni kuwa aka ce in kwashe bokiti da bargo in kai mota.

Takardar sallamar layi ɗaya ce, sunan sabon magani kawai, rubutun kamar tafiyar tsutsa. Ba inda aka ce a daina tsohon, sai na riƙa ba shi duka biyun. Jininsa ya sauka, jiri ya kayar da shi a banɗaki, ya karye a ƙugu. Da muka koma, nas ta ce min ai sun faɗa wa wanda ya sa hannu a daina tsohon. Yaya yana tsaye, ya hau danna waya.

Yanzu ƙannen mijina sun ƙwace akwatin maganin. Suna kirana "likita" suna dariya. In na yi girki sai sun sa na ɗanɗana a gabansu. Baba yana tambayata, suna ce masa wai na gaji da shi. Mijina ya yi gum. Wallahi wannan ya fi komai ci min rai. In tattara in tafi ne?

Mai Jinya

'Yar'uwa, an zalunce ki, ba zan ɓoye miki ba. Asibitin sun yi sakaci: canjin magani a rubuce ake ba da shi, kuma mai ba da maganin ake wa bayani, ba mai babbar riga ba. Yayan mijinki ya manta, kunya ta hana shi faɗa, ya bar ki da kayan. Ke ma da kin ga sabon magani, da kin tambaya kafin ki haɗa. Ƙannen kuma tsoro ne ya sa suke neman wanda za su ɗora wa, amma tsoro ba hujjar wulaƙanci ba ne.

Kada ki tafi. Ki sa mijinki a gaba ku je wurin likitan da duk magungunan. Ya rubuta ɓaro-ɓaro wanda za a daina, wanda za a ci gaba da shi, da sabon. A can ki tambaya, mijinki na ji, wa aka yi wa bayani ranar sallama.

Amma yau ɗin nan za ku je, ba gobe ba. Tsohon maganin yana nan cikin akwatin da suka ƙwace, kuma a cikinsu ba wanda ya san kamanninsa, za su iya ci gaba da ba Baba shi.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya miki zuciya.