A Ɓoye, Kada Kowa Ya Karanta

Lome, 9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da matata Barira da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina, gero ya tashi kuwa? Ni nan alhamdu lillahi, sai gajiyar tashar jirgin ruwa, buhu a ka tun safe har la'asar.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ma rabuwa lafiya. Ni in ɗaga murya, kai ka yi gum, rezo ya yanke. Ado direba zai taso da kamiyonsa na dakon kaya jibi, shi zai kawo maka wannan har Madarumfa.

Maganar faifan wasan ƙwallon nan ce. Ka san abin da ya sa na saye shi. Na jabun da ka kwaso a Jibiya bara shi ya sa wa ordinatar shagonmu cuta, kwamfutar nan da samari ke biya su buga wasa a kanta, ta yi wata biyu a Maraɗi wajen mai gyara, samari suka watse. Na ce ba za mu sake ba, na asali zan saya ko da zan yi wata guda ina shan garin rogo. Na kuwa sha.

Yanzu ka ce ka sa faifan, ya hau, sai ya tsaya yana neman lamba, kuma babu lamba a kwalin. Na san babu, ni na cire ta. 'Yar farar takarda ce mai baƙaƙe da lambobi ashirin da biyar, an jera su biyar-biyar. Na ji tsoron kada masu buɗe kaya a hanya su ɗauki hotonta, sai na naɗe ta dabam na ba Ado hannu da hannu. Sau biyu ina tambayarsa, ya rantse har gida ya kai duka biyun. Shekara ashirin na san Ado, ko goro bai taɓa ci mini ba.

Jiya na koma wajen mai butikin da ya sayar mini. Ya ce faifan ɗaki ne a kulle, lambar ce mabuɗinsa, kuma ba a yin biyu iri ɗaya. Da ka rubuta ta, ordinatar za ta tambayi kamfanin ta intanet. In tasu ce, kuma ba wanda ya riga ka, su buɗe maka su ɗaure ta da na'urarka. In wani ya riga ka, ko a tafin hannu ya kwafe ta, shi ke nan, kai mai faifan ka zama baƙo a ƙofar ɗakinka. Na ce to ya ba ni wata. Dariya ya yi, wai shi ma bai taɓa ganinta ba, a liƙe kwalin ya zo masa. Na ji haushi, amma ban ga laifinsu ba. Da ba su yi haka ba, mutum ɗaya zai saya, jihar Maraɗi duka ta kwafa. Mu ma ai mun kwafa.

Don Allah ka sake dubawa. Ƙarƙashin tabarma, aljihun rigar da ka sa ranar, bayan teburin shago. Ka tambayi Barira ko yara sun yi wasa da ita. Amma kada ka tayar wa Inna hankali da wannan magana, ta isa da ciwon ƙafarta.

Ka gai da kowa.

Yayanka,
Lawali

Lome, 14 ga Agusta

Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata Inna na samun sauƙi, da duk mutanen gida. Ni lafiyar jiki dai akwai.

Sati uku ke nan ba ka ɗaukar wayata. To ga takarda, ita ba a kashe ta.

Wani ɗan garin Gabi da ya sauka nan watan jiya ya ce mini ya tsaya garin Ɗan Issa canjin kuɗi, ya shiga shagon abokinka Mutari, ya tarar samari sun cika suna buga wasan nan. Shi dai wannan, na bana, irin wanda na saya. Na sa ya kwatanta mini sau uku. Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In an tashi aiki sai in kama bakin teku in yi ta tafiya, in juyo, in sake komawa, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeren igiya. Ina ta juya abin: Ado ya kai takarda gida, takarda ta ɓace a gida, wasa ya tashi a shagon abokinka. Kai ka faɗa mini, in kai ne mi za ka ce?

Ba na manta abin da kake yi. Tun rasuwar Baba kai ke noman gonar bakin tafki, kai ke goya Inna a babur zuwa likita, kai ke kallon 'ya'yana suna girma, ni ina kallon buhunan mutane. Shekara huɗu. Da ka ce mini, Yaya, ina son abin nan in ba Mutari, wallahi da na yi faɗa na bar maka. Abin da ke cina shi ne ka sa ni ina aika ka duba ƙarƙashin tabarma.

Lokacin da na faɗa maka zargina a waya ka ce in je in tambayi Allah, ka kashe. Wannan ba amsa ba ce.

Ga abin da na yanke. Ka rufe shagon, ka kai wa Barira ordinatar ta ajiye a ɗakinta. Batun ɗaurin aurenka da Safiya bayan kaka kuwa, na ce zan zo in tsaya maka a matsayin Baba. In takardar nan ba ta fito ba, ko gaskiyarta, ka nemi wani wakilin. Ba zan zauna gaban mutane in karɓa wa mutum aure ina zarginsa a ciki ba. Na rubuta wannan, kuma ba zan goge ba.

Har yanzu kada Inna ta ji.

Lawali

Lome, 22 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Sani, ɗan'uwana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gai da Inna da kyau, da Barira, da yara, da Safiya da mutanen gidansu. Ina fata an fara yankan gero lafiya.

Wannan ce takarda ta huɗu da na fara yau, uku na yayyaga.

Ado ya iso jiya. Ko ruwa bai sha ba ya ce yana da saƙo daga Inna. Wai ta tare shi a zaure ta ce ya gaishe ni, ya ce mini mabuɗin da na aiko an ɗinke shi tun ranar, fata mai kyau, wajen baduku na bakin kasuwa, kuma ita da kanta ta ɗaura maka a damtse. Sai dai tana tambaya ko akwai sharaɗin da na manta ban faɗa ba, ko sadakar da za a fitar, don tun da aka ɗaura maimakon buɗi sai ma shago ya rufe.

Na ce wane mabuɗi? Ado ya dafe kai.

Ashe ranar da ya kawo kayan kana gona. Ya ajiye kwalin a ɗakinka, takardar kuwa ya ga ba abin yarwa ba ce, sai ya danƙa wa Inna, ya maimaita mata abin da na ce masa, kalma da kalma. Ka san mi na ce? Na ce wannan mabuɗi ne, a ɓoye shi sosai, kada kowa ya karanta, in wani ya karanta ya lalace. Sani, ka faɗa wa tsohuwa irin Inna wannan magana, ka miƙa mata takarda a naɗe daga ɗanta da ke nesa, mi kake so ta ɗauka in ba laya ba? Wai ta ce maka daga wani malami ne, don ba a tallan laƙani. Ni kuma sau biyu ina hana ka yi mata maganar. Ban taɓa tambayar Ado hannun wa ya ba ba. Na Mutari kuwa Ado ya leƙa, ya ce na jabu ne da aka fasa wa kulle, kowane rabin awa sai ya tsaya.

Ado ya ce da hannun da layar take ka karɓi wasiƙata ta biyu. Ya yi ta dariya har da hawaye. Ni ma na fara, sai ta ƙi fita. Wata biyu da rabi kana yawo da abin a jikinka, kana noma da shi, kana goya Inna da shi, ina nan ina kiranka ɓarawo a zuciyata, har na rubuta.

Ba Ado ne ya yi laifi ba, ba Inna ba. Ni na raba takarda da kwalinta don tsoron ɓarayin hanya, na ƙare da sa ƙanena a cikinsu. Ka yafe mini don Allah. Ban san yadda ake faɗin wannan da kyau ba, ban saba ba.

Ka karɓo ordinatar wajen Barira. Ka kai layar wajen badukun ya farke ɗinkin a hankali, da reza, ta gefe. Ina tsoron basillarsa ta huda wani baƙi, ko guminka ya cinye tawadar. In ta karantu, ka rubuta ta da kanka, ka lura da sifili da harafin O, suna kama. Da ta shiga, takardar ta gama aikinta, ko a bango ka liƙa ba mai amfana. Sai ka mayar a ɗinke, ka ɗaura abinka. Babu aya a ciki, amma Ado ya ce Inna ta yi ta tofa mata addu'a kafin ta kai ɗinki, wannan kuwa ba daga kamfani ta zo ba. Gaskiyar maganar ni zan faɗa mata da bakina in na zo, in sha zagin da ya dace da ni.

In kuma ba ta karantu ba, ta tafi. Ka buɗe shagon dai ko da tsohon wasa ne.

Na gaya wa shugaban aikinmu zan tafi gida ƙarshen Oktoba. Ban sani ba ko ka riga ka nemi wani wakilin. In ka nema, hakkinka ne, zan zo in zauna a baya cikin jama'a.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan kira. Ka ɗauka, Sani, ko zagina za ka yi.

Yayanka,
Lawali