Ƙorafi Kan Mafakar Kawu Awwalu a Ɗakina

Daga: Mujahida Mahadi, ɗalibar shari'a, Ka'akiyya, Makka.
Zuwa ga: Mai girma Shaikh Abdulƙadir Dawuda, Shugaban Kwamitin Sulhu na Hausawan Ka'akiyya.
Rana: 12 ga Sha'aban, 1446.

Game da: Neman a iyakance buƙatun mafaka da ake maimaitawa ba tare da sabuwar hujja ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ranka ya daɗe, ina gabatar da waɗannan koke-koke:

1. A watan Rajab 1445, kawuna Awwalu, yayan mahaifiyata Shatu, ya ba 'yan Umra hayar ɗakinsa na unguwar Jarwal, ya iso gidanmu da katifa da butar shayi. Mahaifiyata ta ce babu wuri. Ya nemi mafaka a gaban kwamitinku, bisa hujjar cewa rufinsa na yoyo. Ba a yi ruwa a Makka ba a wannan watan.

2. Kwamitinku ya kafa doka cewa mai neman mafaka zai zauna inda ya sauka har a gama duba buƙatarsa. Inda ya sauka ɗakina ne, domin nan ne mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake aiki. Ni kuwa aka mayar da ni kicin, tsakanin firij da tukunyar gas.

3. An ƙi buƙatarsa a Sha'aban na bara, bayan wakilinku ya je ya tarar da rufi lafiya, baƙi cike da ɗaki suna dafa shinkafa. Kafin ya naɗe katifa, Kawu ya shigar da sabuwar buƙata: wai akwai aljanu a ɗakinsa. Aka ƙi. Ya ce gwiwarsa ba ta iya hawan bene, alhali kullum yana hawa soronmu ya shanya wandunansa.

4. A Shawwal ya zo da hujjar da ta fi ba ni takaici, domin ta yi kyau. Ya ce tantabara ta yi ƙwai a kan mukayyif ɗinsa, kuma ba a tayar da tsuntsu a ƙasar Harami, don haka ba zai kunna ba, zafi kuwa zai kashe shi. Dattawanku suka yi ta muhawara har ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka tashi, uwar ta sake yin wani.

5. Ina sanar da kwamiti cewa ban yi kuka ba. Na yi karatu a kan buhun shinkafa, na ci jarrabawa da daraja ta ɗaya, ina warin albasa. Amma jarrabawar ƙarshe tana bayan Sallah, littafina na hukunce-hukuncen gado kuma yana ƙarƙashin ƙafar gadon Kawu, wai gadon na girgiɗi. Jiya na ji shi yana tambayar maƙwabta ko mafarki hujja ne.

Don haka nake roƙo cikin ladabi: kada a sake karɓar buƙatar da aka riga aka ƙi sai da hujjar da wakilinku ya gani da idonsa, kuma mai maimaita buƙata ya jira hukunci a ɗakinsa, ba a nawa ba. A ba ni ɗakina da littafina kafin ganin watan Ramadan.

Idan kwamiti ya ga dokarsa ta zauna yadda take, zan yi mata biyayya. Ranar ɗaya ga Ramadan zan iso gidanka da katifa da littattafaina, in nemi mafaka. Na samu labarin mukayyif ɗin falonka sabo ne, kuma ni ɗalibar shari'a ce, na tanadi hujjojin da za su kai mu aikin Hajji.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamani.

'Yarka mai biyayya,
Mujahida Mahadi