Ihun da Kika Hana Baturen Fim

Iquitos, Yuli 1954

Zuwa ga Zoila, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, iskar da ke tasowa daga kogi bayan ruwa ya ɗauke,

Yau na ci abinci! Tun ranar da Turawan fim suka sauka neman wadda za ta fito a matsayin 'yar daji, suka tsallake 'yan matan kasuwar Belén kaf suka nuna ki, ko gasasshen kifi ba ya wuce maƙogwarona. An ce wadda aka ɗauka da ita za su tafi ƙasarsu. Wa ta taɓa zuwa can ta dawo ta auri mai gyaran injin kwalekwale?

Sai ga innarki Doña Otilia a rumfata, hannu bibbiyu a ka. "Nicanor, ɗan nan, yarinyar nan ta zubar mana da arziki a kogi!" Wai a wajen gwaji suka sako miki macijin roba daga reshe, Baturen da ke shirya fim ɗin na jira ki kurma ihu ki faɗa ƙirjin jarumi. Ke kuwa kika zaro adda kika fille masa kai, yadda duk macen bakin kogin nan za ta yi. Aka ɗinke, aka sake sakowa, kika sake sarewa. Suka haƙura suka ɗauko wata 'yar birnin Lima mai maƙogwaro. Bakina na taya innarki jimami, ƙafafuna na neman rawa.

Baturen ya ce wai ba ki iya ihu ba. Ke? Zoilata? Ni da nake gefenki ranar bikin San Juan a bakin kogin Nanay, kina warware ƙunshin shinkafa, ɗan kwaɗo ya diro cinyarki! Kika ƙwalla ƙarar da ta tashi tsuntsayen tsallaken kogi, kika ƙanƙame wuyana har maɓallin rigata ya tsinke. Ban mayar da shi ba har yau.

Na gane, hasken raina, kuma ba mai ji a bakina. Ihu kin iya shi sarai. Jirginsu ne ba ki so hawa ba.

Ba ni da birni mai fitilu, sai hannu mai baƙin mai da zuciyar da ta kusa tsayawa saboda ke. Ranar Lahadi ina tafe gidanku neman aurenki, sanye da rigar nan. Mu raba aikin tun yanzu: macizai naki, kwaɗi nawa.

Naki har kogi ya ƙafe,
Nicanor