Na Tura Taubashina Inda Sanyi Zai Kashe Shi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku jama'a masu karantawa. Ina gaida manya, ina gaida malamai. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya kira ni azzalumi ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san abin da na ƙulla ba shi da kyau. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne har yanzu da nake wannan rubutu daɗinsa nake ji.

Ni mutumin Damargu ne, daga wani ƙauye a ƙasar Ollelewa. Sana'ata sayen fata da ƙirgi, ina yi wa wani kamfanin Nasara mai biro, wato ofis, a Damagaram. Ni ke bin kasuwanni daga Tanut har Belbeji, in duba, in ware, in ɗaure, a ɗora wa raƙuma. 'Yan shekaru bayan ƙarewar yaƙin Turawa sai Baturenmu ya ce babban bironsu da ke Marsai, can ƙetaren teku, yana son mutum daga nan ya je ya ɗan zauna, ya ga yadda suke son kaya, ya taya su warewa, ya dawo. Aikin ɗan lokaci ne, in ji shi. Mahaifiyata, Inna, ba ta so ba. Ni kaɗai ne namiji a cikinta, ga idonta ya fara hazo. Na yi ta lallashi har ta tofa mini addu'a a tafin hannu ta ce in je in dawo. Sikelina da kasuwannina na bar wa ɗan gwaggona riƙo. Zan kira shi Tanko, ba sunansa ba ne. Taubashina ne, abokin wasa, tun muna yara ba ya ganina bai ce mini bawansa ba, ni ma ban taɓa raga masa ba.

Raƙumi ya kai ni Kano, jirgin ƙasa ya kai ni Ikko, jirgin ruwa ya juye mini hanji har muka isa. Kafin ma'aikatan tashar jirgin su bar mu mu shiga gari suka aske mana kai da gemu saboda ƙwarƙwata, ba tambaya ba ban haƙuri. Biron da aka yi ta yi mini kirari kuwa yana sama, na masu kujera ne. Nawa wurin yana ƙarƙashin ginin, wani ɗakin ƙasa mai danshi inda ake jibge ƙiraga, ana barbaɗa musu wani farin garin guba don kada ƙwari su ci. Garin nan shi muke shaƙa tun safe har yamma. Sanyi kuwa, ku bar ganin namu, nasu shiga yake cikin ƙashi ya zauna. Akwai wani Babambare, baƙar fata irina, da muke aiki tare, ƙato ne mai ɗaga ɗaurin ƙiraga shi kaɗai. Da shigowar sanyi ya fara tari, kafin sanyin ya fita ni da wasu Larabawa muka yi masa sallah. A cikin wannan hali Allah ne shaidata ban taɓa barin sallah ba, a bayan tarin fatu nake yi. Naman ƙasar ko sau ɗaya bai shiga bakina ba don ban san wa ya yanka ba, burodi da kifi da albasa su suka riƙe ni.

Wata rana aka kawo mai ɗaukar hoto ya ɗauki ma'aikata, aka ba ni nawa. Ga ni tsaye cikin doguwar rigar ulu ta Nasara, da malafa, ba gemu, mabuɗin ɗakin ajiya rataye a wuyana da igiya don kada ya ɓace. Sai na saka shi cikin jakar wasiƙun kamfani na ce a kai wa Inna ta ga ina raye. Wace irin wauta ce ta hau kaina? A ƙauyenmu wa ya taɓa ganin hoto? Kuma hannun wa zai fara faɗawa in ba na wanda ke riƙe da wurina ba?

Da na dawo, tun daga bakin rijiya na ga ana kauce mini. Yayata ce ta tare ni a ƙofar gida, ba ta bari na shiga ba sai da ta zaunar da ni ta gaya mini Inna ta rasu tun kafin girbi. Sannan ta gaya mini sauran. Tanko ya ɗauki hoton nan ya yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa yana cewa ga bawansa ya zama Nasara, ya aske sunna, ya rataya gicciye. Mutane suna dariya, shi kuma yana ƙarawa. Magana ta kai kunnen Inna, ta aika aka kira shi. Ta kai hoton daf da idonta ba ta ga komai ba sai farin fuska da wani abu a ƙirji. Yayata tana wurin. Ta ce Inna ta ce masa, "Tanko, ajiye wasa, don Allah. Mene ne wannan a wuyan ɗana?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ni ma da wasa na ɗauke shi. Amma waɗanda suka san ƙasar sun ce irin shi suke ratayawa."

Daga ranar Inna ta daina ambaton sunana. Ta ɗauki buzuna na sallah da butata ta bayar sadaka. Ta daina cin abin kirki. Da ciwo ya kwantar da ita yayata ta roƙe ta ta yafe mini, ta ce ba ta yafe nonon da na sha ba, kuma in na dawo kada a nuna mini inda take kwance. Har yau ban san kabarin uwata ba. In na bi ta maƙabarta sai in tsaya daga nesa in yi wa kowa addu'a, ko tata za ta faɗa ciki.

Na je na sami Tanko a kasuwar Belbeji yana zaune gaban sikelina. Da ya gan ni sai ya washe baki ya ce, "A'a, Nasarana ya dawo! Ina tsarabar ubangidanka?" Na ce masa, "Tanko, mabuɗi ne. Ka san mabuɗi ne, irinsa ne a wuyanka yanzu." Ya ce, "Yo ai wasa ne. Na san tsohuwa za ta ɗauka da zafi haka?" Na kai shi gaban dattawan dangi. Kun san abin da suka ce? Wai tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a shari'a, wai duk abin da taubashi ya faɗa ba a riƙe shi, in na riƙe ni ne na ɓata zumunci. Kawuna har da cewa in ba shi hannu. Na ba shi. Hannun nan da na ba shi, a zuciyata rantsuwa ce na yi.

Baturen ya mayar mini da aikina, Tanko ya koma ɗaure kaya a ƙarƙashina. Na ci gaba da wasa da shi kamar da, har ma fiye. In ya ce bawa in ce ubangida. Muna cin tuwo kwano ɗaya, ina kallon maƙogwaronsa yana haɗiya. Ban san abin da nake jira ba sai da ya zo. Bana Baturen ya kira ni ya ce Marsai suna son wani kuma, ko zan koma? Na ce a'a, amma ina da mutum. Na zauna na yabi Tanko yabon da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce ya fi ni ido, ya fi ni ƙarfi, ya fi ni haƙuri. Abin da ban faɗa ba shi ne Tanko yana da ciwon ƙirji tun yana yaro. Ƙurar sussuka kaɗai kan kwantar da shi, numfashinsa ya riƙa fita da ƙara har a ji daga waje. Ƙaton Babambaren nan bai kai ƙarshen sanyi ba, ina ga Tanko?

Ban tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya. Kafin a tafi sai lokotoro, wato likitan Damagaram, ya saurari ƙirjin mutum. Ni na raka shi. Ni na dafa masa citta da zuma, na ce ya sha da ɗumi kafin mu shiga, na koya masa yadda zai ja numfashi a hankali, na ce in an tambaye shi tari ya ce bai san shi ba. Lokotoron ya ce lafiyarsa ƙalau. Da muka fito ya rungume ni ya ce, "Wallahi na zaci kana riƙe da ni." Na ce, "Haba, ai wasa ne." Ya tambaye ni yaya wurin yake, na ce masa biro ne mai tagogi, har kujera za a ba shi. Tun ranar yake yawo yana gaya wa mutane zai dawo da agogo. In na ji yana tari a bayan raƙuma sai in ji wani sanyi a raina, ba zan ɓoye muku ba. Ina so ya sauka ɗakin ƙasan nan. Ina so ya shaƙi garin gubar nan ya nemi numfashi ya rasa, ya kira sunan uwarsa ba mai kai mata labari. Ina so a binne shi inda ba wanda zai san wurin. Laifi ne? Na san laifi ne. To ita Inna da ta mutu tana ganin ɗanta ɗan wuta ne, wa aka kama da laifinta?

Da a ce iyakar abin ke nan da ban rubuto muku ba. Shekaranjiya da hantsi ina ware fatu a ƙofar gida sai ga Gwaggo, uwar Tanko, ƙanwar mahaifina, ta taho da sandarta tun daga unguwarsu, da ƙwaryar fura a kanta. Ita ba ta taɓa yi mini komai ba. Ita ce ma kaɗai da na dawo ta zo ta yi mini gaisuwar Inna da hawaye. Ta zauna ta huta, ta dafa kaina ta ce, "Ɗana, Allah shi yi maka albarka. Abin da yaron nan ya yi maka, ka rama mishi da alheri. Da uwarka na raye da ta ga irin ɗan da ta haifa." Na kasa ɗaga kai. Sai ta matso ta rage murya ta ce, "Abu guda ya hana ni sukuni. Ka san ƙirjin nan nashi. Kai ka je ka gani, kai kaɗai zan tambaya. Ƙasar tana karɓar mai irin ciwonshi?"

Jama'a, na dubi tsohuwar nan ido cikin ido na ce mata iskar teku magani ce, can ma zai warke. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta, ta tashi ta tafi ta daka masa guzuri.

Ayarin da zai kai shi Kano yana tashi bayan kasuwa mai zuwa. Kalma ɗaya zan faɗa wa Baturen a fasa, ko da zai ce na yaudare shi ya kore ni. In na faɗa, Tanko zai zauna ya tsufa yana ce mini Nasara, dattawa suna dariya, hakkin Inna ya bi iska. In na yi shiru, ni na san abin da jakar kamfani za ta kawo wa Gwaggo, kuma ni za ta kira in zauna kusa da ita in gaya mata. Shi ba na tausayinsa ko kaɗan, na duba zuciyata ban samu ba. Kada ku ce mini in yafe, dattawa sun riga ku. Ku gaya mini yadda zan karɓi hakkin uwata a wurin Tanko ba tare da na yi wa uwarsa abin da ya yi wa tawa ba. In kuwa babu hanya, ina jin zan bar raƙuman su tashi.

Me zan yi?